Foldar da Habibu Ya Ajiye

"Kai da bakinka ka ce in ajiye folda guda, in wanke saura," in ji Habibu mai gyaran kwamfuta, bai ko ɗago daga wata kwamfutar da yake kwancewa ba. "Ga ta nan. Ko harafi bai ɓace ba."

"Ban ce ka taɓa foldar sunana ba."

"Ka ce kar in taɓa? Malam Nu'uman, ni ba mai duba ba ne. Mi ke ciki, zinariya?"

Nu'uman ya zauna a bencin shagon na Ƙofar Sauri, kwamfutar bisa cinyarsa. Ta daina sandarewa, tana gudu kamar sabuwa. Ya sake ba ta umarnin haɗa manhajar, ta sake maido masa jan layi: babu makulli.

Shi ya rubuta wa wani ƙaramin asibitin unguwa manhajar. Ungozoma tara ke rubuta ranakun awon masu ciki da ita, kowace a wayarta, babu kwafi a wani wuri. Tun ranar Litinin, da an buɗe jerin sunayen sai ta rufe kanta. Ya gano kuskuren, ya gyara, layi uku ne kacal. Saura ya haɗa sabuwa ya tura musu.

Abin da ke haɗa manhajar wuri biyu yake duba saiti. Ɗaya cikin foldar aikin, mai bin aikin duk inda aka kwafe shi. Ɗaya kuma a ɓoye, ƙarƙashin sunan mai kwamfutar. A nan na biyun ya ajiye makullin hatimi, wanda waya ke gane sabuwar manhaja da shi. Da gangan ya yi, don foldar aikin tana yawo tsakaninsa da masu taya shi dubawa. Shekara biyu abin na aiki shiru, har ya manta akwai shi.

Ya kira Nafisa, wadda ta fi kowa taya shi aikin.

"Ba ki da kwafin makullin?"

"Ni? Na ce ka sa shi cikin aikin, ka yi mini wa'azin minti goma kan sirri."

"Gaskiya na faɗa."

"Ai kuwa. Ya ɓoyu, har kai ya ɓoye wa." Muryarta ta sauka. "Yi sabon makulli mana."

"Wayoyin ba za su karɓa ba. Sai an cire tsohuwar manhajar. In an cire, komi ya tafi."

Habibu ya ajiye sukundireba, ya karɓi kwamfutar ba tare da an roƙe shi ba. Suka tona abin da aka goge har aka kira la'asar. Hotunan bikin wani suka fito, da rabin waƙa.

Bayan salla Nu'uman ya hau babur zuwa asibitin. Hajiya Sabuwa, shugabar ungozomomin, ta jera wayoyin tara a tebur, kowace da sunan mai ita a takarda. Ta saurare shi har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Ɗana, ban gane rabin maganarka ba. Sunayen matan suna ciki dai?"

"Suna ciki, Hajiya."

"Amma ba a buɗewa."

"A'a."

Ta ɗauki wayar Indo, ɗaya daga cikin ungozomomin, ta juya ta a tafin hannunta.

"Akwai wata daga ƙauye, jininta ya hau, Indo ta ce lallai ta dawo satin nan. Lambar mijinta a nan aka sa. To wa zai kira ta?"