Babbakar Lado

Mahdi ya dawo Daura daga karatu a ƙasar Sin ya tarar mahaifiyarsa, Hajiya Nana, ta koma yin barci a zaune. In ta kwanta sai numfashi ya tsaya mata a ƙirji. Likita ya ce asma ce, ya ba ta abin shaƙa, ya ce ta guji hayaƙi.

Hayaƙi kuwa a ƙofar gida yake. A filin da ke gabansu maƙwabcinsu Lado ke babbakar kai da ƙafa da ganda, waɗanda mahauta ke kawo masa daga kwata. Da can da kara yake yi. Yanzu tsofaffin tayoyi ne, da ake kwaso masa daga wajen masu faci a hanyar Kongolam. Kowace safiya baƙin hayaƙi ya tashi ya tsallake filin, ya sauka a kan shanya da bakin randa.

"Inna, wutar nan ce ke kashe ki," in ji Mahdi.

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. "Kai, rufa mana asiri. Lado ne fa. Shi ya shiga kabari ya karɓi babanka lokacin da kake can." Ta tsaya ta ja numfashi. "In dole sai ka yi magana, ɗauki kawunka ku je zaurensa bayan la'asar. Ku gaisa, ku yi hira, can a ƙarshe kawunka ya sako maganar."

Mahdi ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya ga yadda ake yi a duniya: hukuma ce ke faɗa, mutane su bi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya wuce zauren Mai'unguwa Mainasara, a cike da jama'a, har da wani malamin hisba. Aka aika a kira Lado.

"Ranka ya daɗe," in ji Mahdi, "Landan ta taɓa zama haka. Hayaƙin kwal ya kashe dubban mutane cikin 'yan kwanaki, suka yi doka suka hana. A Bejin, inda na zauna, an kwashe masana'antu an fitar da su bayan gari. A birnin Meziko mota ma tana da ranar da ba ta fita. Delhi kuwa har yanzu fama take, yara na zuwa makaranta da ƙyalle a hanci."

"Mota mai ranar hutu!" wani tsoho ya ce. "Wallahi ta fi jakina gata."

Aka yi dariya. Lado bai yi ba. Yana durƙushe, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ni na babbake kan ragon sunansa. Yau ya wuce ƙofata ko sallama babu, ya zo ya tara mini jama'a. Mahdi, ƙaya ce a zaurena?"

"Baba Lado, ba da kai nake ba. Da hayaƙin nake."

"To hayaƙin aka aika wa ya zo ya durƙusa?"

Malamin hisba ya gyara murya ya ce Shari'a ba ta yarda a cutar da Musulmi a kan hanyarsu ba, fili kuma na kowa ne. Mai'unguwa ya yanke: daga yau babu wuta a filin.

"Na ji, na bi," in ji Lado. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Washegari Mahdi ya fito ya ga filin fayau, sai baƙin tabo a ƙasa. Bai gama jin daɗi ba ƙaurin roba ya biyo shi ta baya, daga cikin gidansu.

Lado ya kwashe ƙarafansa da tayoyinsa ya shigar cikin gidansa. Wurin da ya fi nisa da ɗakunan iyalinsa shi ne lungun baya, gindin katangar da ta haɗa su da ɗakin Hajiya Nana. Yanzu hayaƙin ba ya buƙatar tsallake fili. Katanga kawai yake haurowa ya shiga ta taga.

Mahdi ya koma wajen Mai'unguwa a guje.

"Malam Mahdi, gidan matan aure ne," in ji Mainasara. "Ni zan shiga, ko hisba? Fili ka kawo ƙara, an ba ka fili."

Sai a lokacin ya nemo kawunsa suka je zauren Lado bayan la'asar. Suka zauna a kan tabarma har rana ta yi ja. Daga ciki aka aiko musu cewa maigida ya ce magana tana hannun hukuma, shi ba ya sa baki.

Mahdi ya toshe tagar da tsumma. Ya mayar da mahaifiyarsa ɗakinsa, hayaƙin ya same ta a can. Abin shaƙar ya daina yi mata aiki. Ran da leɓɓanta suka yi duhu tana zaune a kan sallaya, ya kira ƙanwarsa Juwairiyya da ke aure a Zango, ta zo da mota don ta tafi da ita gidanta.

"A gidan nan aka kawo ni amarya," in ji Hajiya Nana. "Na so a ɗauke ni daga cikinsa a makara."

A kujera aka ɗauke ta. Da aka zaunar da ita a mota ba ta dubi inda Mahdi yake ba. Juwairiyya ta yi wa magana, kalma ɗaya, numfashi ɗaya.

"Ki ce wa yayanki ya je ya yi wa Lado bankwana a madadina. Ya ce na tafi, ya yafe mini."

"Inna, shi ne zai yafe miki?" in ji Mahdi.

"Ki ce masa ya je."

Mahdi ya je. Ya tsaya a bakin zauren ya yi sallama, ya sake yi da ƙarfi. Yana jin ƙarar wuƙa tana kankare ganda a ciki, ba a amsa ba. Da ya juyo, motar ta riga ta sha kwana.