Sifirin ɗin Malam Hamman

Ni na fara ganin motar nan ta karkace, tun kafin kowa a Bande ya ɗaga ido. Ni da na tsallake yunwa biyu da raina, ƙarfe ba ya ɓoye mini ciwonsa.

Daso direba ya fito da ita daga garejin Malam Hamman, gindinta na hagu yana ja kamar jaki mai ciwon kwankwaso. Na ce, "Ɗana, leƙa ƙarƙashi."

Ya durƙusa ya leƙa. Sifirin, ƙarfen nan mai ɗauke da nauyin mota, shi ne ya karye, kuma ba a canza shi ba, walda aka ɗana masa, aka shafe da baƙin mai. Kowane direba ya san sifirin ba ya riƙe walda. Amma Malam Hamman uban matarsa ne. Daso ko ruwa ba ya sha a gabansa, balle ya koma ya ce, Baba, aikinka bai yi ba.

"Baba Sallau, rufa mini asiri," in ji shi. "Ran kasuwar Magaria zan sa wani ya canza, ba tare da ya ji ba."

Ba a kai ran kasuwa ba. Washegari da hantsi naƙuda ta gardama wa matarsa Habsatu, jini ya ɓalle, unguwarzoma ta ce a yi asibitin Magaria da ita. Daso ya kwantar da ita a baya, ya kama hanya. Yana kauce wa ramuka yana salati, sai ya ji ƙas! Mota ta zauna kan taya, ta ƙi motsi.

"Mun iso?" in ji Habsatu.

"Saura kaɗan."

Amalanken shanu suka samu. Ta cika a kan amalanken, ana hangen gari.

A zaman makoki Malam Hamman ya kira shi gefe, gemunsa jiƙe da hawaye.

"Daso, gaya mini tsakaninka da Allah. Ba dai aikina ba ne?"

Daso ya dubi ƙasa.

"Taya ce ta fashe, Baba."

Da la'asar ya koma wurin motar, ya kwance guntun sifirin ɗin da hannunsa, ya kai bayan gari ya binne a gindin gawo. Yana ganin babu kowa, alhali ina kan gonata.

Mai musu ya ɗauko fartanya, in kai shi.