Mabuɗin Lambun Zuma

"Ba zan ba da ba, Mushe."

A hankali na faɗa, mabuɗin lambun yana ɗaure a bakin gyalena. Mushe Alkasum, diraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantar, ya tsaya riƙe da kwalbar piya-piya, irin wadda ake sayarwa a kasuwa babu suna a jikinta, yana kallona kamar akuya ce ta yi magana. Ya sake bayani. Jibi manyan baƙi za su zo daga Zinder da masu ɗaukar hoto. In zuma ta harbi ɗayansu, wa zai amsa? A fesa magani yau, gobe a tuge ciyawar nan, shi ya riga ya sayo furanni na gani na faɗa.

Na gan su cikin kwali a ofishinsa. Na roba ne, ja da ruwan ɗorawa.

"Madam Munira, kar ki manta ke 'yar kwantiragi ce."

"Ban manta ba, Mushe. Su ma zumar ba a ɗauke su aiki ba, amma ba su taɓa makara ba."

Bai yi dariya ba. Ni na yi, bayan na fita.

* * *

Da aka turo ni ƙauyen nan na karkarar Guna, bayan azuzuwa juji ne. Na lura kabewar matan gari tana fure, furen ya kaɗe ba ɗa. Kowa yana fesa wa wakensa magani ba awo, har kwalbar ma a ɗauraye a zuba wa yaro ruwan sha. Zuma ta yi ƙaura, mutane suna cewa ƙasa ce ta tsufa.

Ni da 'yan ajina muka share jujin, muka kewaye shi da ƙaya, muka sa ƙofar langa-langa. Shekarar farko awaki suka yi biki. Ta biyu gara ta ci rabonta. Malamai suka laƙaba mini Sarkin Noma, na ce na karɓi sarautar, rawani kawai nake jira. Muka sake shuka riɗi da yakuwa da ɗoɗɗoya, zogale a gefe, kabewa tana bin shinge. Muka ajiye kasko da ruwa, da tsakuwa a ciki don mai sha ya samu wurin tsayawa. Wata safiya ina tsakiyar darasin lissafi, ajin ya yi tsit. Ba tsorona ba ne. Gunjin zuma suke saurare ta taga. A kakar nan mata suka fara aiko mini da kabewa, kowacce tana rantsuwa tata ta fi girma.

* * *

Ranar da muka yi da Mushe, da la'asar na hau moto, wato babur, na koma gida unguwar Birni cikin Zinder, kamar kullum. Abin da ya sa nake son wurin aikin ke nan: ina kwana kusa da Inna, in shafa mata man zafi a gwiwa, in ɗebo mata ruwa. Na ba ta labari tana tsince shinkafa. Ta ce bin na gaba bin Allah ne. Na ce na gaban ya ce in kashe abin da ke ciyar da gari. Ta ce taurin kan ubana na kwaso, har da na kakata a kai.

Sannan ta nuna lungu da haɓa.

"Ɗauki tabarmar can. In za ki yi gadi, kar ki zauna a ƙasa kamar marar uwa."

* * *

Washegari na shimfiɗa tabarmar a ƙofar lambu. Nan na koyar, nan na duba aikin yara, nan na yi azahar. Mushe ya aiko mai gadi ya ɓalle kwaɗon. Mutumin ya zo, ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar Inna, ya koma. Matarsa na cikin masu kabewa.

Dole Mushe ya soke furanninsa a yashi a gaban ofis. Har ruwa ya sa aka yayyafa musu.

Baƙin suka iso da hantsi cikin motoci masu sanyi. Yara suka rera waƙar da suka yi mako suna koyo a rana. Babban baƙon ya tsaya gaban furannin roba, ya yaba da tsabta, aka ɗauki hoto. Wata zuma ta zo ta zagaya jan furen, ta shinshina, ta yi gaba abinta. Na cije gyalena don kar dariya ta kuɓuce mini. Kafin lemonsu ya huce sun shiga mota. Babu wanda ya leƙa bayan azuzuwa, babu wanda aka harba.

* * *

Bayan hutu aka canja mini wurin aiki, saboda rashin biyayya. Ƙauyen da nake yanzu yana can bayan Hamdara, mota sai ranar kasuwa. Mabuɗin na bar shi hannun matar mai gadi, kuma na ji lambun yana nan, har zuma ta yi saƙa a kogon bishiyar da ke bakin shinge. An ce hoton furannin roba yana rataye a ofishin Mushe, su kuwa rana ta cinye launinsu.

A nan ma na sami juji, na kuma sami awaki masu buri. Ban yi nadama ba, kuma ba zan ce abin ya zo kyauta ba. Inna nake gani sau ɗaya a wata. Sauran kwanakin, ita take shafa wa gwiwarta mai da kanta.