Zoben da Mma Amamata Ta Ƙi Cirewa

"Mma, buɗe hannun. Please. Minti ɗaya kawai."

A haka na same su lokacin da na turo ƙofar ɗakin da kofin koko a hannuna. Fausia na durƙushe a gefen gadon marasa lafiya da aka kawo daga asibiti, ta shafe yatsun mahaifiyarta da man zaitun tana ƙoƙarin banɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa Mma Amamata, wadda ta kwana uku ko cokali ba ta iya ɗagawa, ta dunƙule hannunta na dama tamau.

"Murja," in ji Mma, muryarta can ƙasa, "gaya wa wannan yarinya ya bar ni. Kar ya taɓa akuya na."

"Kin ji ko?" Fausia ta juyo gare ni, idanunta jajir. "Tun jiya take maganar akuya. It's the morphine, maganin ciwon da ake ba ta."

Mma Amamata 'yar zangon Kumasi ce, kuma a Hausarta kowa "shi" ne, mace da namiji. Shekara biyu ke nan muna maƙwabtaka a hawa na huɗu na wani dogon gidan haya na gwamnati a unguwar Woolwich ta London, ƙofarta na gefen tawa. Ranar da na sauka daga Kano don karatu, ita ta fara ƙwanƙwasa mini da kwanon waakye, shinkafa da wake irin na garinsu, ta leƙa ɗakin ta ga littattafai a ƙasa babu ko tukunya, ta girgiza kai. Shekara talatin ta yi tana share ofisoshi a cikin gari. Yanzu likita ya ce saura kwanaki, ita kuma ta ce a gida za ta jira su.

Fausia, 'yarta ɗaya tilo, ta ja ni zuwa kicin ta tura ƙofa. A nan London aka haife ta, Hausa na zo mata a gutsuttsure.

"Zoben nan akwai hoto a jiki," ta ce. "Duk rayuwata ina ganin azurfar kawai, don kullum dutsen yana cikin tafin hannunta. Last week ina canza mata riga ya juyo. Murja, mutum ne ya durƙusa gaban wani abu mai ƙaho. Da shi take alwala, da shi take sallah, all these years. Kuma kin san mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto." Ta dafe bakin sink. "Ina so ta tafi da tsarki. Shi ke nan abin da nake so. In na cire shi, kogin Thames zan jefa shi."

"A ina ta samo shi?"

"Baba ne ya ba ta. Wai ya tsinta a wurin aiki. Ke da ba kya ajiye littafi, ki duba ki gaya min mene ne."

Baban nata, Saani, ya rasu tun kafin in zo ƙasar. Lebura ne na gini. Hotonsa na falo, Fausia ta kifa shi a kan talabijin tun makon jiya.

Muka koma ɗakin. Na zauna a bakin gado na ce, "Mma, kallo kawai zan yi, wallahi ba zan ja ba." Ta dube ni da ido ɗaya, sannan ta sassauta yatsu uku.

Jan dutse ne mai duhu, kamar zoɓo in an ɗaga kofin ga rana, bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. An sassaƙa shi ciki, rami-rami, kuma shekaru sun goge shi. Na ga wani abu mai kama da mutum a tsugune, da wasu layuka sun baje a bayansa. Na taɓa ganin irin waɗannan duwatsu a littafi.

"Mma, a ina Baba ya tsince shi?"

"Cikin laka. Suna tona ramin gini can wajen tsohon ganuwa, shekara na tamanin da tara."

Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na san a ƙarƙashin dogayen benayen tsakiyar London akwai garin Rumawa a binne. Sai a raina na ga wata mace shekara dubu biyu da suka wuce tana laluben dutsen zobenta a cikin ruwan sama, na ga lebura ya ɗauke shi daga laka ya kai wa matarsa. Hawaye suka cika mini ido, bakina kuma ya riga hankalina.

"Fausia, na Rumawa ne! Kin ga layukan nan? Fukafukai ne. Yaron nan ne mai fukafukai, abin bautarsu na soyayya. Baba bai ma sani ba ya ba ta..."

Ban ƙarasa ba, don na ga fuskar Fausia.

"Abin bauta," ta maimaita a hankali. "So it's a god. Gunki ne ke nan."

Mma ta mayar da yatsunta ta damƙe. Wani sauti ya fito daga ƙirjinta, ban san ko tari ba ne ko dariya. "Karatu ya yi ma wannan yawa," ta ce, ta juya fuska bango.

Ranar Fausia ba ta ƙara yi mini magana ba. Ta jikin bango ina jin ta tana roƙo, da Turanci, da Hausa, har da kuka. Ni na zo da koko, na tafi na bar uwa da 'ya suna kokawa a kan yatsa ɗaya a kwanakin da suka rage musu.

Da safe na shiga jirgin ƙasa na Elizabeth line zuwa unguwar Bloomsbury, na wuce makarantarmu na shiga babban gidan tarihin nan. Ban san me nake nema ba. Ina jin so nake a ce mini na yi daidai, ko da daidai ɗin ya fi muni.

Na samu duwatsu irin na Mma a bene, cikin akwatin gilashi, jere kamar alewa. Ja, kore, baƙi, ruwan zuma. Ga gaggafa, ga jirgin ruwa, ga hannu biyu sun yi musabaha, ga zangarniyar alkama, ga wata mace riƙe da abin tuƙin jirgi wai ita ce sa'a. Rubutun da ke ƙasa ya ce kowa da abin da yake ɗaurawa a yatsa: soja ƙarfi, ɗan kasuwa sa'a, ma'aurata amana. Na ga yara masu fukafukai har uku. Fukafukansu gajeru ne, a kafaɗa suke. Na Mma ba haka suke ba. Ko haka suke? Na rufe ido in tuno, sai na ga ƙahon da Fausia ta gani, wanda ni ban ma lura da shi ba. Na ƙara rikicewa.

Sai na lura da abin da yake gabana tun ɗazu. Kusa da wasu duwatsun an ajiye ɗan farin abu mai ɗauke da hoto iri ɗaya, amma a fili, a tashe, kowane layi ya fito. Duwatsun hatimi ne. Ba don a kalle su aka sassaƙa su ba, don a danna su a kan kakin rufe wasiƙa ne. Ni da Fausia rami muke ta leƙawa.

Wayata ta yi ƙara. Fausia ce. "Nurse ta ce yau ne, ko gobe. Ki zo."

Na iso bayan azahar. Numfashin Mma ya canza, yana tsayawa ya dawo. Hannun dai na nan a dunƙule a kan zani. Fausia na zaune a ƙasa da kwalbar man zaitun a cinyarta, ba ta buɗe ba.

A saman wardrobe akwai jakar da Mma ke kira jakar tafiya: likkafani, turare, da curin sabulun salo da ta saya a kasuwar Woolwich don wankanta na ƙarshe. Na sauko da ita.

"What are you doing? Wannan na wanka ne!"

"Kaɗan zan gutsura. Ki yi mini haƙuri, jiya na yi kuskure, ko kuma ban yi ba, ban sani ba. Bari mu gani."

Na jiƙa sabulun na murza shi a tafin hannu har ya yi laushi, na shafe fuskarsa da bayan cokali. Na durƙusa. "Mma, ara mini dutsen in danna a nan. Yana hannunki, ba zan cire ba."

Ta buɗe ido. Da ta ga sabulun sai gefen bakinta ya motsa. "Sai yanzu," ta ce. Ta miƙe yatsan da kanta.

Na danna, na ƙirga uku, na ɗaga. Muka kai shi bakin taga ni da Fausia, kawunanmu na gugar juna.

Wani tsoho ne mai gemu, zaune a kan dutse, ya sunkuya. Abin da na kira fukafukai rassan bishiya ne da suka yi masa inuwa. A gabansa dabba ce tsaye ta waiwayo tana kallonsa, hannuwansa na ƙarƙashin cikinta, ga ɗan kasko a ƙasa. Tatsa yake yi.

"It's a goat," in ji Fausia. Ta sake faɗa, kamar mai tambaya. "Akuya ce."

"Kwana nawa ina gaya muku?" in ji Mma daga gado.

Muka koma kusa da ita. Maganar ta fito guntu-guntu, tana hutawa a tsakani. Ta ce lokacin da Saani ya kawo ta London, shekara biyu ya ce za su yi. Su tara abin da suka tara su koma, ya saya mata awaki, don ita tun tana yarinya awakin kakarta take kiwo a bayan zango. Shekara biyu ta zama bakwai. Rannan ya dawo takalminsa duk laka, ya wanke wani abu a sink, ya ɗauki burodin da ta yanka masa ya cire tsakiyar ya murza, ya danna abin a kai.

"Ya ce, Amamata, ga na farko. Saura sai mun koma." Ta ja numfashi. "Ba mu koma ba. Shi ke nan garke na."

Fausia ta sa fuska a katifa. Da ta ɗago sai ta ce, "Amma Mma, still hoto ne. Akuya ma rai gare ta. Da mutumin." Ta juyo gare ni. "Murja, does it count? Ɗan wannan, a cikin hannu?"

Duk abin da na karanta, babu shafin da ya zo mini. "Wallahi ban sani ba."

"Baban ka ya tambayi malam biyu," in ji Mma. "Ɗaya ya ce a cire, ɗaya ya ce ba komai. Sai ya ce in juya shi ciki."

Ta daɗe tana kallon 'yarta. Fausia ba ta ƙara roƙo ba, kwalbar ma ta gangara ƙarƙashin gado. Amma tsoron na nan a fuskarta ƙuru-ƙuru, irin na yarinyar da aka bari a tasha. Sai Mma ta shimfiɗa hannun a kan zani, yatsu biyar a buɗe.

"Cire. Allah ya san ni, da zobe da babu. Kai ne ba ka da barci." Fausia ta murza zoben a hankali, ya wuce gaɓar ba tare da mai ba. Inda ya zauna fatar ta yi fari. "Amma kar ka jefa shi Thames. Akuya ba ya son ruwa."

Fausia ta yi dariya cikin kuka. Ta tsaya da zoben a hannu tana kallon ƙofa, tana kallon gado. In ta fita da shi za ta bar uwarta, in ta zauna yana ɗakin. Na miƙa hannu ta sa mini, na haɗa da sabulun na fita.

Don haka ba na wurin. Ina zaune a kicin ɗina da zoben a cikin faranti, ina jin muryar Fausia ta bango tana karanta Yasin, tana tuntuɓe tana komawa. Wajen la'asar karatun ya tsaya a tsakiyar aya. Sannan na ji salati.

Matan masallaci suka yi mata wanka washegari da sauran sabulun. Aka kai ta maƙabartar da Saani yake.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Fausia ta ƙwanƙwasa mini. Ta tsaya a kicin tana kallon farantin.

"Na tambayi malamai biyu," ta ce.

"Me suka ce?"

Ta ɗan ɗaga kafaɗa. "Irin amsar da aka ba Baba." Ta ɗauki zoben ta gwada a yatsan da Mma ke sawa, ya yi mata yawa. Ta mayar da shi na tsakiya, ya zauna. Ta tsaya tana kallon jan dutsen, har na zaci cirewa za ta yi. Sai ta sa babban yatsa ta juya shi ciki, ta rufe hannun, ta ce mini sai da safe.

Sabulun ta bar mini, ko ta manta da shi. Yana bakin tagar kicin. Ya bushe, ya tsage ta gefen bishiyar, gemun tsohon ya fara zubewa. Akuyar dai na nan tsaye, ta waiwayo.