Hoton Mutum Biyu

"Baba, wannan ai ya girme ni," in ji Bilal, yana jujjuya wani tsohon gilashin kyamara a hannu. "Wallahi ya girme ni. A ina ka tono shi?"

Malam Husaini Bawa bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya karɓe abinsa, ya hura masa iska, ya goge da hankici.

"Ban tambaye ka shekarunsa ba," ya ce. "Ka nemo mini kyamarar da zai shiga bakinta."

Shagon Bilal ɗan tsurut ne, a wani lungu bayan titin Ahmadu Bello a Doka, kyamarori na hannu jere a kanta har rufi. Injin maƙwabci yana ta ƙara, sai mutum ya ɗaga murya. Bilal, magidanci ne mai tumbi da son surutu, ya sauko da wata 'yar siririya mai sheƙi ya ajiye a gaban tsohon.

"Ga ta 'yan zamani. Ba ruwanka da manna ido a rami, a allon bayanta za ka ga komai, kamar waya. Amma fa tana da nata gilashin, naka ba zai shiga ba. Kuma in ka saye ta, to ka manta da maganar firintar wanke hoto."

"Firinta dole ce."

"To, Baba, iya kuɗinka iya shagalinka."

Wannan gaskiya ne, Malam Husaini ma ya sani. Abin da ke aljihunsa kuɗin da 'yarsa Nafisat ta turo ne daga Abuja don a gyara rufin kicin kafin damina. Rufin yana nan yadda yake. In ta ji inda kuɗin suka tafi za ta yi faɗa, faɗan 'ya'yan yanzu da ake farawa da "Haba, Baba." Ta yi ta yi, ai ba ita ke kwana a gidan ba.

Shekara talatin da biyar Malam Husaini ya yi yana ɗaukar hoto a ma'aikatar gwamnati. Buɗe rijiyar burtsatse, rabon taki, manya suna yanka ƙyalle suna washe baki, duk ta wannan gilashin suka bi. Da ya yi ritaya kyamarar ofis ta koma sito. Tasa ta fim kuwa ta mutu tuntuni, ko da tana da rai ma ina za ka samu fim a Kaduna yanzu? Gilashin kaɗai ya rage, a cikin safa, a ƙasan akwati.

Abin da ya sa ya fiddo shi Balaraba ce, matarsa. Shekara arba'in da ɗaya suna tare a gidansu na Abakpa. Ciwon mantuwa ya kama ta shekara biyu da suka wuce. Da farko gishiri take sa wa miya sau biyu, suna dariya. Daga baya ta manta hanyar gidan ƙanwarta. Tun bayan Babbar Sallah kuma ta daina gane shi. Ba ta tsoronsa, ba ta masa rashin kunya, da ma haka take yi da ya fi masa sauƙi. Gaishe shi take yi da ladabi. Ya shigo ɗakinta da kofin koko, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Sannu, Alhaji. Maigidan ba ya nan, amma yanzu zai dawo." Kullum ta Allah. Mutum yana cikin gidansa, ana ce masa ya jira kansa!

Likitar da ke duba ta ta ce a riƙa nuna mata hotuna, na takarda, wanda za ta riƙe a hannu. Malam Husaini ya zo ya zazzage kundin hotuna uku a kan tabarma. Ga Balaraba da goyo. Ga Balaraba ranar da ta sauke Alƙur'ani a makarantar matan aure. Ga ta tana tsince shinkafa, tana harararsa. Duk shi ya ɗauka, don haka babu shi a ko ɗaya. Kuma a zamaninsu wace mace ce za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da mijinta a ɗauke su? Ai sai a yi da ita a unguwa. Ya bincike kundin nan sau biyu, bai samu inda fuskarsa da tata suka haɗu ba. Ranar ya yi kuka a banɗaki, ya buɗe famfo don kar a ji.

Hoto ɗaya yake so. Shi da ita, a zaune wuri ɗaya, ya manna a bango kusa da gadonta. In ta farka ta ga kanta kusa da wannan tsohon, ƙila zuciyarta ta ce mata, a'a, wannan ai naki ne.

"Ni da ka ji tawa, Baba," Bilal ya ce, "da ka ɗauka da waya ka kai a wanke maka. Minti biyar."

"Wayar da nake kiran mai gyaran famfo da ita? Da ita zan ɗauki iyalina?" Malam Husaini ya girgiza kai. "Kuma in kai hotonta shago, a baje ta a kwamfuta kowa na leƙe? Ba ta da lafiya. A gida zan wanke."

Bilal ya miƙe. Ya ja kujera ya hau, ya laluba can saman kanta, ya sauko da wata baƙar kyamara ƙatuwa, robar jikinta ta fara ɓarewa.

"Wannan ta shekara biyu a nan, ba mai ko taya ta. Nauyi gare ta kamar bulo. Ba ta nuna maka komai a allo sai bayan ka ɗauka, dole ka manna ido a ramin nan. Kawo naka mu gani."

Malam Husaini bai ba shi ba. Da kansa ya daidaita ɗigon gilashin da na kyamarar, ya murɗa. Ƙas! Gilashin ya zauna daram.

"Amma ba za ta saita maka da kanta ba," in ji Bilal. "Sai ka juya da hannu har hoto ya fito."

"Da can da ƙafa nake juyawa?"

Bilal ya ƙyalƙyale da dariya. "Tuba nake, Baba."

Sai maganar firinta. Akwai babba mai tawadar kwalba, tana fitar da hoto faɗin littafi, ita ran Malam Husaini ya so. Amma Bilal ya faɗa masa gaskiya: in ta yi sati biyu ba a taɓa ta ba tawadar bushewa take, ga shi kuɗin ba za su kai ba. Ya fiddo wata 'yar ƙarama da ba ta wuce girman kwanon abinci ba, hotonta kamar tafin hannu, takardarta da tawadarta a ƙunshi ɗaya suke zuwa. Wani ɗalibi ne ya sayar, ya bar sauran takardu goma sha ɗaya a ciki.

"Hotonta ko ruwa ya taɓa ba ya gogewa," in ji Bilal.

Wannan ce ta raba gardama. Balaraba takan sa abu a kofin shayi, ko ta tafi da shi wurin alwala. Da babu gara ba daɗi. Suka yi ciniki, Bilal ya ƙara masa da wata tsohuwar sanda mai ƙafa uku, ɗaya ƙafar an ɗaure ta da waya, ya ce wannan gyara ce.

A cikin keke napep, hanyar Abakpa, ya rungume ledar a cinya. Suka wuce gindin dalbejiyar da suke majalisa a da, shi da abokan aikinsa. Biyu sun rasu, ɗaya ya koma Zariya wurin 'ya'yansa, yanzu mai wankin mota ne a wurin. Ya so a ce akwai wanda zai buɗe wa ledar nan ya ce, kai, zo ka ga abin da na samo. Mai keken yana ta waya da wani a kan taya.

Turai maƙwabciyarsu, wadda ta zauna da Balaraba, ta tare shi a tsakar gida tana yafa mayafi.

"Ta ci tuwo kaɗan, Malam. Sau uku tana tambayar ko maigidan ya dawo."

"Allah ya saka da alheri, Hajiya."

Ya jira aka yi la'asar, rana ta yi sanyi, hasken ya zama irin wanda yake so. Ya fiddo benci ya ajiye jikin bangon da ke fuskantar yamma. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Ya lallaɓo Balaraba ya zaunar da ita a gefe ɗaya, ta zauna tana wasa da carbi, ba ta ko kallon inda yake. Ya kafa sandar, ya ɗora kyamarar, ya leƙa sau ɗaya ya juya gilashin, ya saita ta yadda za ta jira daƙiƙa goma kafin ta ɗauka. Ya danna, ya taho da sauri irin na mai ciwon gwiwa, ya zauna kusa da ita. Kafaɗarsa ta taɓa tata.

Balaraba ta zabura.

"Subhanallahi! Alhaji, lafiya?" Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta matsa can ƙarshen bencin har ta kusa faɗuwa. "Ni matar aure ce fa."

Ƙas! Kyamarar ta ɗauka.

"Balaraba, ni ne."

"Ka ji tsoron Allah, dattijo da kai. In maigidana ya shigo ya same mu haka, me zan ce masa?" Idanunta sun cika da ƙwalla. "Shekara da shekaru bai taɓa jin wani abu a kaina ba."

Ya tashi. Ya ba ta haƙuri, kamar yadda baƙon da ya yi kuskure zai bayar.

Duk da haka sai da ya wanke hoton, don taurin kai irin nasa. Aka yi sa'a akwai wuta. 'Yar firintar ta yi ta gurnani, takardar na shiga tana fita, rawaya, sannan ja, sannan shuɗi, har ta faɗo masa a hannu da ɗuminta. Gilashin bai ba shi kunya ba, komai ya fito fes. Ga wani tsoho da farar riga yana murmushi shi kaɗai. Ga wata mata a can gefe ta kau da kai. Tsakaninsu fili, mutum biyu za su zauna su sake. In ya manna wannan a bangonta, kullum ta farka za ta ga ranar da wani ƙato ya so ci mata mutunci.

Ya kifa hoton a kan tebur. Rufin kicin ya tafi a banza. Bai ji haushinta ba ko kaɗan, abin da ya fi ci masa rai ke nan: don shi ta guje shi.

Da ya fito tana nan a bencin, ta manta abin da ya faru, ta koma kan carbinta. Hasken ya sauka a gefen fuskarta, irin hasken da mai hoto ba ya iya wucewa ya bari. To, tunda an riga an saya. Ya cire kyamarar daga kan sandar, ya ja baya taku uku, ya ɗaga ta da hannu biyu ya manna ido a ramin. Ƙatuwar ta rufe masa fuska gaba ɗaya, hula kaɗai ta rage a sama. Yatsunsa suka kama juya gilashin da kansu. Bakinsa ma da kansa ya yi magana, bai shirya ba.

"Ɗago kai kaɗan. Kaɗan na ce, ba sama za ki kalla ba."

A cikin ramin ya ga ta ɗago. Ta ƙura wa kyamarar ido. Sai ta yamutsa fuska, ta yi masa wannan hararar.

"Kai dai Mai Hoto ba ka gajiya," ta ce. "Mutum ko kwalli bai sa ba."

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun da aka ɗaura aurensu, haka take kiransa in suna su biyu.

"Ina ka shiga tun safe?" ta ci gaba, tana gyara ɗankwali. "Wani dattijo ya zo yana ta jiranka. Na ce masa yanzu za ka dawo."

"Na je Doka ne," ya ce ta bayan kyamarar.

"Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Ka gani ko? Haka za ka yi ta yawo da wannan abin a wuya har ka rame. To ɗauki mana, ka sauke, in zuba maka."

"Tsaya tukuna, bai fito sosai ba."

Ƙarya yake yi, ya fito tun ɗazu. Yana ganin kowane layi na fuskarta, har ɗan tabon da mai ya yi mata a haɓa. Bilal bai yi ƙarya ba, kyamarar nauyi gare ta, damatsansa sun fara rawa, ramin kuma ya jiƙe har ya daina gani da kyau.

"Wai har yanzu?" in ji Balaraba, tana dariya.

"Saura kaɗan," ya ce. "Ba ni labarin dattijon."

Ya gyara tsayuwa, ya matse gwiwar hannunsa a jikin haƙarƙari don kar kyamarar ta sauko.