Baƙar Kwamfuta Mai Nauyi

Elom ya ajiye kwamfutoci biyu a kan kanta, ya tura ɗaya gaban Yawa da ɗan yatsa. Baƙa ce mai kauri, gefenta duk ya koɗe. Ɗayar kuwa sabuwa fil, ruwan azurfa, siririya kamar faranti.

"Davi, baƙar nan ita ce taki," in ji shi, yana kiran ta 'yar'uwa da yarensu. "Ta ofis ce. Wani kamfani a Turai ya yi shekara uku da ita."

"Tsohuwa ke nan. Kuma ta fi sabuwar tsada?"

"Da kaɗan."

Yawa ta saci kallon yayanta Koami. Shi ya ɗauko ta a babur daga tasha, ya wuce shaguna sun fi ashirin a kasuwar Dekon ko waiwaye babu, ya tsaya a wannan. Ga shi yana gyaɗa kai tun kafin mai shagon ya rufe baki.

Kuɗin ba nata ba ne. Ƙungiyar manoman kofi ta Kpalime ce ta aiko ta, don ta bi ƙauyuka ta shigar da sunan kowane manomi da girman gonarsa kafin masu duba gonaki su iso. Wanda sunansa bai shiga ba, bana kofinsa ba zai yi daraja ba. In kwamfutar ta mutu a hanya, babu ta biyu.

"Fo Koami," ta ce, yadda suke kiran yaya da yarensu, "yaushe ka san kwamfuta?"

"Ni? Shawara kawai nake ba ki."

"Ai ba ka ce komai ba tukuna."

Elom ya yi dariya, ya kwance bayan baƙar da sukundireba, ya nuna mata batir da sauran kayan ciki. Duk ana canjawa, in ji shi. Sabuwar kuwa da gam aka liƙe ta, an yi ta ne don mai kallon fim a kan gado, ba don bayan babur da ruwan sama ba. Maganar ta yi daɗi, daɗin da ya sa Yawa ta ƙara ƙanƙame jakarta.

"Bari in sha iska," ta ce. "Fo, zauna nan."

Ta tsallaka titi, ta kutsa wani lungu har ta sami wata mai gyara, dattijuwa mai tabarau, kanta a sunkuye kan aiki. Bayanta an jibge matattun kwamfutoci har rufi. Yawa ta tsaya tana duba tulin. Masu sheƙi, masu karyayyen murfi, masu fasasshen gilashi. Baƙaƙe masu kauri biyu kawai ta hango.

"Tanti, wacce zan saya, ta ofis tsohuwa ko ta gida sabuwa?"

"Wa ya turo ki?"

"Ba kowa."

Matar ta dube ta ta saman tabarau. "A ina za ki yi aiki da ita?"

"A kan duwatsun Kpalime, bisa babur."

"To sayi mai sheƙin, 'yata, gobe ki kawo mini gyara. Ni ma ina da bakunan ciyarwa."

Yawa ta koma ta sa Elom ya kunna baƙar, ta danna kowane madanni, ta cire wayar caji ta zauna awa guda tana kallon batir. Sannan ta biya, ta sa ya rubuta lambar jikin na'urar a rasit.

Tana ɗaure kwalin da igiya ta hango su a madubin babur. Elom ya miƙa wa Koami hannu, Koami ya janye nasa a dunƙule ya cusa a aljihu.

Ta hau baya, ta rungume kwalin. Koami ya tada babur yana fito.

"Fo."

"Na'am?"

"Tsaya a wurin mai fufu, na gaban tasha. Da naman akuya nake so, da lemo mai sanyi. Yau kai za ka biya."

Fiton ya tsaya. Koami ya shafa aljihun da la'adarsa take, ya juya kan babur zuwa tasha.