Kofunan Jamus a Ɗakin Larai

Hamidu ya dawo daga Jamus da sunayen kofuna cike da bakinsa, su kuwa kofunan suka biyo shi a baya cikin akwatunan katako, an shimfiɗe su da ciyawa don kada su fashe. Wani shiri ne na taimakon makiyaya ya tura shi koyon aiki, a shekarun nan da fari ya ci rabin dabbobin ƙasa, mutane na fama da kiran naira maimakon fam. Aka gina wa shirin ɗaki biyu a bayan garin Gwandu, ɗaya na gwaji, ɗaya sito. Aka jibge akwatunan a sito, aka danna kwaɗo, aka damƙa makulli ga Malam Atiku mutumin Kalgo. Sannan aka ce ba mai zare ko ƙusa ɗaya sai babban baƙo ya zo daga birni ya yanke ƙyalle. Babban baƙo kuwa, ka san halinsu, kullum yana kan hanya.

A can Jamus wata tsohuwa ce ta koya masa aikin, mai tabarau, wadda ba ta san wasa ba. Ba ta barinsa ya ɗauki abu sai ya kira sunansa da Jamusanci, ya maimaita da Ingilishi, don ta ce a gida da Ingilishi za a tambaye shi. Kofi mai faɗin gindi Becherglas ne, beaker. Sandar gilashi ta motsa ruwa Glasstab, glass rod. Ɗan faifan nan mai kama da murfin agogo Uhrglas, watch glass. Wanda ya fi so duk a cikinsu shi ne Dekantierglas, decanting glass, dogon kofi mai tsukakken ciki daga ƙasa, da ɗan leɓe a baki kamar na buta.

Aikin kansa ba na alfahari ba ne, kashin shanu ne. Ka dama shi da ruwa, ka tace, ka zuba a dogon kofin nan, ka bar shi ya kwanta. Ka tsiyaye ruwan sama a hankali, ka ƙara wani, ka sake tsiyayewa, har ruwa ya yi garau. Abin da ya taru a tsukin ƙasa shi za ka ɗiga a ƙarƙashin madubin likita. In saniya na ɗauke da tsutsar hanta, ƙwanta zai bayyana tun dabbar na da ƙibarta, tun mai ita bai ga komai ba.

Wannan shi ne abin da Bawa ke bukata. Bawa yayan Hamidu ne, wanda yake kira Hamma, shi ya tsaya a rugarsu kusa da Ceberu da garken da ubansu ya bari, lokacin da aka ja ƙanen zuwa makarantar boko. Da fari ya matsa, sai ya kora shanun fadamar Kalgo inda akwai sauran ɗanyar ciyawa. Sun tsira daga yunwa, amma sun dawo da ciwo. Biyu da aka yanka, hantarsu ta fito a rarake, tsutsa na motsi a ciki. Bawa ya san cutar, ba baƙuwarsa ba ce. Abin da bai sani ba shi ne wace ta ɗauka, wace ta kuɓuta. Ga fatake sun sauka a Gwandu suna sayen shanu za su yi kudu da su, don haka ya yanke shawara ya sayar da waɗanda yake zargi tun suna da nama, ya riƙe saura.

Hamidu ya je ruga ya same shi yana ware su.

Ya ce, "Hamma, dakata. In ka yi da ka, sai ka saida masu lahiya ka riƙe masu ciwo. Ka ba ni lokaci kaɗan, in duba ma su ɗai ɗai."

Bawa ya dube shi ya ce, "Cikin kashi kaka ganin abin da ni ban gani ga ido?"

"Wallahi ana gani. Kayan na nan sito, buɗewa ɗai ta rage."

Bawa ba mai yawan magana ba ne. Ya daɗe yana shafa wuyan wata farar saniya, sannan ya ce, "To. Kai ka tahi ƙasar Turawa, ba ni ba. Na jira ka." Ya mayar da waɗanda ya ware cikin garke.

Daga ranar Hamidu ya zama ɗan zarya. Da safe ya je wurin Malam Atiku, da la'asar ya koma. Malam Atiku mutum ne mai fara'a, irin wadda ba ta daɗa ka da komai. Sai ya shimfiɗa maka tabarma, ya ɓara maka goro, ya tambayi iyali har da waɗanda ba ka da su.

Hamidu ya ce, "Akwati guda ɗai nika so, Malam. Na kofuna da madubi. In na gama in maida, in buga ƙusa yadda take."

Malam Atiku ya ce, "Haba Malam Hamidu! In baƙo yaz zo yat tarar an buɗe, mi za shi buɗewa? Ni da kai duka aikinmu ya tahi. Yi haƙuri, satin ga mai zuwa na."

Satin ya zo ya wuce, na bayansa ma haka. Hamidu ya gwada da kofin shayi da kwalba, ya dama, ya tsiyaye, laka ta kwanta masa sarai. Amma ido tsirara ba ya ganin ƙwan tsutsa, sai ya zubar. Ya nemi aron madubi har Birnin Kebbi, aka ce wanda ke akwai na mutane ne, ba a kusanta shi da kashin shanu. Ya dawo ɗakin gwajin da ba komai cikinsa sai teburi, ya share, ya zauna. Don kada su gudu daga kansa, sai ya riƙa kiran sunayen a fili, Becherglas, beaker, Trichter, funnel, wato mazurari, yana nuna wurin da kowanne zai zauna. Masu wucewa suka fara cewa Jamus ta taɓa shi.

Fatake suka ɗaure kayansu suka tafi. A ruga kuwa shanu suka fara zubewa. Sai ka ga haƙarƙari ya fito, ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi ruwa, daga nan saniya ta kwanta ta ƙi tashi. Wadda ta kai haka ko mahauci ba ya taya ta da daraja. Bawa bai aiko da ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo a wurin Hamidu.

Ana cikin haka Malam Atiku ya aurar da 'yarsa Larai a Kalgo. Kubura matar Hamidu ta bi mata zuwa ganin ɗaki, tunda matar abokin aiki ce. Ta dawo washegari bakinta bai rufuwa.

Ta ce, "Malam, ban taɓa ganin jere irin wanga ba. Ba kwalla ba, ba tasa ba, gilashi zalla! Wasu dogaye da zane-zanen lamba ga jiki, an sa musu hure. Wasu kuma cikinsu ya tsuke daga ƙasa, ga ɗan leɓe awa na buta."

Hamidu yana cin tuwo, hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya ce, "Leɓe awa na buta?"

"Ƙwarai. Sahu guda reras. Mata har rantsuwa suka yi daga Makka anka kawo su."

Bai wanke hannu da kyau ba ya fita. Ya tari motar kasuwa mai zuwa Kalgo, ya zauna a kan buhunan gero. Ya shirya maganganun da zai faɗa, ya shirya yadda zai kwashe kayansa ko da za a tara masa gari.

Malam Atiku ya gan shi a ƙofar gida, bai ko razana ba. Ya ce, "Ka ji labari ke nan. Aro na, Malam Hamidu. Wa ad da ɗiya bai yi aron kayan jere ba? Suna zaune cikin ciyawa ba su tsinana ma kowa komi, nic ce su ɗan sha iska. In an gama ganin ɗaki sai a maida."

"Shanun Hamma na mutuwa, Malam."

"Allah shi sawwaƙe. Taho ka gani da idonka, ba abin da yah hwashe."

Ya kai shi gidan angon, aka yi sallama, mata suka ja mayafi. Hamidu ya sunkuya ya shiga ɗakin amarya. Gaskiyar Malam Atiku, ba abin da ya fashe. Masu jere sun yi aikinsu yadda suka gada. Kamar yadda ake manna faranti a bango tun yaɓe na ɗanye, haka suka bi bangon nan da Uhrglas, ɗaya bayan ɗaya, suka yi zobe da su. A kan dakalin jere kuwa, don kada wani ya ture, an kwaɓa siminti an dasa gindin kowane kofi a ciki, ya bushe ƙam. Ga Dekantierglas nan a jere, an cika su da alewa. Ya kai hannu ya ɗan girgiza ɗaya, ya ji yadda ka san dutse. Ba mai fitar da su sai da guduma.

Madubin likita na tsakiya, an ɗaura masa ƙyalle mai ruwan hoda a wuya. An cire ɗan madubinsa na ƙasa an manna a saman ƙofa. Idanunsa da ake leƙawa ta cikinsu kuwa babu, sai ramuka. Malam Atiku ya yi ƙasa da murya ya ce wata gwaggon amarya ce ta kwance su, ta zaci azurfa ce, ta wuce da su garinsu, amma za a bincika.

Hamidu ya buɗe baki zai fara. Sai ga Larai ta durƙusa a gabansa, lalle har gwiwar hannu, fuskarta cike da murna. Ta miƙo masa ruwa a cikin Becherglas, wanda aka bari a sake don manyan baƙi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. An ce kai kas san sunansu duka. Duk Kalgo ba wadda anka yi ma irin wanga ɗaki."

To me zai ce? Ya fasa ɗakin yarinya a makon aurenta, a bar ta da abin gori har tsufanta? Ko ya fasa ɗin, ɓaraguzai zai kwasa. Ya karɓi ruwan ya sha, yana kallon layukan awo a jikin kofin suna bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Mata suka amsa da amin, wata ta rangaɗa guɗa. Bai taɓa jin ya tsani kansa kamar lokacin ba.

Bai koma gida ba, ruga ya nufa. Ya isa da yamma, lokacin da shanu kan dawo daga kiwo. Bawa na zaune a bakin garke, igiyoyin ɗaure maruƙa na kwance a ƙasa ba kowa a jikinsu. Shanu uku suka rage, da farar nan da ya shafa wa wuya, ita ma haɓarta ta fara nauyi.

Hamidu ya tsuguna ya faɗa masa komai, bai rage ba. Bawa ya saurara har ƙarshe, bai ɗaga murya ba.

Can ya ce, "Kohin ga da nij jira, mi as sunanshi?"

"Hamma, bar zancen."

"A'a, hwaɗa min. In san abin da nij jira."

Hamidu ya ce, "Dekantierglas."

"Da ɗayan bakin hwa?"

"Decanting glass."

Bawa ya gyaɗa kai. Ya gwada faɗa, harshensa ya ƙi, ya bari. Ya ce, "Suna biyu, abu guda. Shanuna kau, suna ɗai ɗai gare su."

Ya miƙe, ya dafa sandarsa, ya juya ga garken. Ya ɗaga murya yadda yake yi kowace yamma tun suna yara, ya fara kiran shanun da sunayensu, har waɗanda suka mutu. Ya kira Saye. Ya kira Bale. Ya kira Nyale, da Wule, da Fure wadda uwarsu ta fi so. Bayan kowane suna sai ya dakata, ya ba ta lokacin amsawa, sannan ya wuce ga na gaba. Bai tsallake ko ɗaya ba. Hamidu na tsugune, ya san kowace, ya san uwar da ta haife ta.

Da Bawa ya kai kan farar, ta ɗago kai da ƙyar ta yi ɗan kuka. Ya juyo ya dubi ƙanensa ya ce, "Wagga ba sai ka duba ba. Taho ka riƙe min ƙahwahunta in yanka tun da sauran haske."